Ƙofar da Ta Manta Malam Nomau

Tun da aka hana kwaɗo da makulli a kasuwa, ƙofar kowane shago sai ta dubi fuskar mai shi kafin ta buɗe. Ranar da Malam Nomau tela ya dawo daga jinyar shanyewar ɓarin jiki, bakinsa a karkace, sai ƙofarsa ta kunna jar fitila.

"Baƙo, matsa baya," in ji muryar da ke jikinta.

Ya sa hannu ya tallafe kuncinsa, ya sake tsayawa. Fitilar dai ba ta sauya ba. Ta gilashi yana hango keken ɗinkinsa, da rigar angon da ya bari rabi.

Ya juya ga Ɗanlami mai yadi, wanda a da shi yake bar wa shago a buɗe in zai tafi masallaci.

"Ɗanlami, zo ka gaya mata ni ne."

Ɗanlami ya saci kallon koriyar fitilar ƙofarsa. Kowa ya sani, wanda ya tsaya wa baƙo, tasa ma rufewa take yi.

"Sannu, bawan Allah," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wa kake nema?"