Matakalar Kyanwa

Ƙusa ta uku ke nan Babayo yake kallon tsohon kafintan nan yana dannawa cikin katanga, kuma kowacce ta fi ɗan yatsa tsawo. Ƙusa irin wannan don kyanwa? Haba.

Babayo shi ne mai gadin gidan Oga Lucky, can ƙarshen Tirwun, inda gine-gine suka ƙare gonaki suka fara. Aikinsa biyu ne, kuma Oga ya faɗa masa tun ranar farko: kada kowa ya shiga, kada Madam Anita ta fita. Mai gadin da ya gada ya taɓa barin ta ta leƙa bakin titi. Har yau bawan Allah da sanda yake tafiya.

Madam ba waya, ba baƙi. Oga da bakinsa yake faɗa, yana dariya, wai danginta sun sallama ta tun ranar da ta aure shi, ko fuskar ubanta bai taɓa gani ba. Abin da ya rage mata a duniya wata tsohuwar kyanwa ce, ƙatuwa, wadda ko kujera sai an ɗaga ta an ɗora.

Kafintan kuwa, Elisha sunansa, kwana uku yana zuwa ƙofar gidan a kan keke, ya ɗauro 'yan gadajen kyanwa da ya yi da guntayen katako. A rana ta uku Oga ya saya, don shi duk abin da za a yi amfani da shi a cikin gida ba ya ƙyashi. Da Madam ta ga gadon sai ta daɗe tana shafa gefensa. Washegari ta ce tana so a yi wa kyanwar matakala a jikin katangar baya, ta riƙa hawa tana shan rana.

Daga nan hankalin Babayo bai sake kwanciya ba.

Katakon da tsohon ya kawo mai kauri ne, irin na benci. Duk wanda ya kafa sai ya taka shi da ƙafa biyu, ya ɗan yi tsalle a kai. Da ya kai sama, sai ya shimfiɗa wani faffaɗan katako a kan waya mai ƙaya, wai kada kyanwa ta yanke. Ga shegiyar tambaya. Ƙarfe nawa Oga yake dawowa daga shago? A wane masallaci Babayo yake Juma'a, da nisa?

Madam, wadda take gaida kowa har mai kwasar shara, ko sannu ba ta taɓa ce masa ba. Sai dai ta ajiye masa ruwa ta juya da sauri, idanunta jajir. Babayo ya ce a ransa, ita ma tsoronsa take ji.

Ran Alhamis ya tare Oga a bakin mota.

"Oga, wallahi tsohon nan ba kafinta ba ne kawai. Hanya yake yi wa ɓarayi."

Oga ya fita, ya zagaya bayan katangar, ya dawo yana tsaki.

"Ta waje babu komai. Ɓarawon tashi sama zai yi? Ka tsare mini ƙofa kawai."

Ranar Juma'a Babayo ya danna wa ƙofar gidan kwaɗo biyu ta waje, ya jijjiga su, ya tafi masallaci. Ko addu'a bai tsaya ba, liman na sallamewa ya zari takalmansa.

Kwaɗon biyu suna nan yadda ya bar su. Ya buɗe, ya yi sallama. Shiru. Ya leƙa kicin, tukunya tana kan wuta, shinkafa ta fara ƙauri. A gindin matakalar ya tarar da silifas ɗin Madam. Kyanwar tana kwance a sabon gadonta, ko kallon matakalar ba ta yi ba.

Ya dafe kai. An sace Madam, da rana tsaka, a hannunsa. Sandar wancan mai gadin ce kawai take yi masa gizo.

Ya zagaya baya a guje. Ga sawun tsani a ƙasa, ga sawun babur. Wata tsohuwa tana duƙe tana noma a gonar gyaɗa. Can kan titi kuma ya ji hon ɗin motar Oga.

"Inna, don Allah, su nawa ne? Jan ta suka yi? Ta yi ihu?"

Tsohuwar ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wane irin ihu, ɗan nan? Da ƙafarta ta sauko, tsohon yana riƙe mata tsani. Tana taka ƙasa ta faɗa jikinsa tana kuka, tana cewa, 'Baba, ka yafe mini.'"