Mai Lambu da Injin da Aka Ɗumama

Duk abin da ya yi farko zai yi ƙarshe, wannan ba mai musu. Sai dai injin ƙaramar taraktar wani mai lambu, irin wadda ake bin ta a ƙafa, ya zaɓi nasa ƙarshen ranar wata Talata, a tsakiyar kunya ta huɗu, saura mako guda a yi dashen albasa. Bakanike ya zo ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya yi masa ta'aziyya. Gangar jikin taraktar lafiyarta lau, inji kawai take so. Irin albasa kuwa, ka san halinsa, in ya isa dashe ba ya jiran kowa. Ya wuce lokaci a gadonsa, noman ranin bana ya tafi ke nan. Sabon inji ya fi ƙarfin aljihun mai lambu, don haka ya yanki karan dawa daidai tazarar ramukan notin tsohon, ya sa a aljihu, ya nufi kasuwar 'yan kwance a birni, inda ake sayar da tsofaffin injuna.

Ya isa da hantsi. Wani mai shago ya tare shi da fara'ar da ba a yi wa dangi, ya kai shi gaban wani inji ja jawur, fenti har kan notuna. Ya ja igiya sau ɗaya, inji ya ɗauka kamar dama jira yake. "Baba, ka ji da kunnenka. Wannan wani Bature ne ya yi amfani da shi, shi ma ranar Lahadi kawai." Kafin a ja igiyar mai lambu ya riga ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, yadda uwa ke taɓa goshin ɗa, ya ji da ɗumi. To shi shekara talatin yana tayar da injin ban ruwa da sassafe, ya san ko injin da ya kusa kabari, in an ɗumama shi, zai yi maka gaisuwa mai kyau. Sai ya ce, "Madalla, Alhaji. Gobe na zo mu gaisa da shi kafin ya karya kumallo."

Ya kwana wajen wani ɗan'uwansa. Washegari mai shago ya zo buɗe ƙofa ya tarar da shi zaune a kan benci, yana kurɓar shayi. Fara'ar jiya ta ɗan ragu. Aka fito da jan inji, sanyi ƙalau. Mai shago ya ja igiya. Ya sake ja. A ja na goma ya cire hula, a na goma sha bakwai ya cire babbar riga, inji ya yi tari sau ɗaya, ya fesa musu hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ya koma barcinsa. Mai shago ya ce sanyi ne. Mai lambu ya ce gaskiya ne, kuma a fadamarsu sanyin ya fi haka.

A can lungu akwai wani inji duk ƙura, fentinsa ya koɗe, ba wanda ya damu ya ɗumama shi don ba a sa ran mai saye. Mai aiki da gas ɗin girki ne, mutane kuwa suna jin tsoronsa. Mai lambu ya zaro sandar auna baƙin mai ya murza a yatsa, ya ga man garau, ba baƙi ba, ba gari-gari. Ya kwance fulogi, ya tarar ba toka. Ya gwada karansa a ramukan noti, suka zauna daram. Aka aro tukunyar gas a wajen mai shayi, aka haɗa tiyo, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar ya ga ba kumfa. Ja na biyu inji ya ɗauka, ya riƙe murya ɗaya ba hawa ba sauka. Mai shago ya fi kowa mamaki, har ya so ya tuno wani Baturen.

Kafin la'asar bakanike ya ɗaura shi a kan tarakta. Uwargida ta ba da aron tukunyar gas ɗinta bisa sharaɗin ta dawo kicin kafin girkin rana, don haka huɗa ta zama daga asuba zuwa hantsi, kuma hakan ya isa. Kwana uku aka gama, aka yi dashe a kan lokaci, albasa ta kama.

Jan injin ma bai yi kwantai ba. Wani maƙwabcin mai lambu a fadama ya je kasuwar da azahar, ya ji an tayar da shi da ja ɗaya, ya saya yana murna. Yanzu haka injin yana kan rumfar lambunsa, ya danne kwanon rufi, kuma tun da aka ɗora shi iska ba ta sake ɗaga kwanon ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.