Gaɓa Biyu

"Ya matse ni," in ji mutumin, yana ajiye agogon zinare a teburina na gyara a Jakara. Babbar riga ce a jikinsa, amma tsayuwar ta soja ce. "Jibi za a rantsar da mu, mun koma farar hula. Gaɓa biyu nake so a ƙara wa sarƙar. Har Legas na aika, babu. Ɗari kacal aka ƙera a duniya, Malam. Duk Kano ba wanda ya taɓa ɗaura irinsa."

Na juya agogon, na ga tabon sukudirebata a gefen sarƙar.

Mahaifinmu ne ya zo da shi daga Tarabulus. Ƙanena ya gaje shi, amma hannunsa siriri ne, sai agogon ya riƙa zamewa in yana rubutun jaridarsa. Ni na cire masa gaɓa biyu daga sarƙar. Bayan sati uku wasu mutane suka tura ƙanen nawa cikin mota a Ƙofar Mata, ba mu sake ganinsa ba. Shekara huɗu ke nan Inna ba ta bari a kulle zaure.

Na zazzage gwangwanin da ke ƙasan tebur. Gaɓa biyu suka faɗo. Na haɗa su, suka zauna daram, ko launi bai saɓa ba.

Ya ɗaura, ya yi dariya. "Ikon Allah! A ina ka samo?"

"Ajiya ce, ranka ya daɗe," na ce. "Mai su ya ce in riƙe masa, wai wata rana zai yi ƙiba."