Amaryar Bajamushe

Brahim ya sake dawowa gida yana ƙamshi, ga sabon yaƙushi a hannu.

Matarsa Luba ta shinshina rigar. Shi ne dai, turaren nan na mata mai zaƙi kamar an jiƙa furen lemo a zuma, wanda jirgin ruwa ke kawo wa kantin Jamusawa. Brahim kuwa kuku ne a gidan wani Bajamushe a bakin kogin Binuwai, ƙaurin albasa ya kamata a ji a jikinsa.

"Wa ya yaƙushe ka?"

"Ita ce. Ba ta son a taɓa mata kunne."

"To kai me ya kai ka kunnenta?"

"Aiki ne, Luba. Bature ya hana a yi zancenta."

Duk garin Garwa an san da ita, amma ba wanda ya taɓa ganinta. Tana can bayan dogon zana. Tuwo bai dame ta ba, sai nama. Da magariba akan jiyo dariyarta, karnukan unguwa su yi tsit, mata su ce lallai wannan ta dace da aure. An ce Baturen ba ya iya zama kusa da ita sai an zazzaga mata turaren.

Nan da nan mata suka raɗa wa turaren suna Amaryar Bature. Wadda ba ta da shi ko biki ba ta zuwa. Luba ta sayar da tunkiyarta ta sayo kwalba, ta shafa, ta zauna jiran miji.

Yana shigowa ya toshe hanci. "Don Allah je ki wanke. A wurin aiki ita, a gida ma ita?"

Luba ta ɗaure kayanta. Gidansu za ta koma, can garin Ngong, amma ba za ta tafi ba sai ta ga fuskar da ta kashe mata aure.

Da kogi ya cika, jirgi ya iso, aka ce amarya za ta Jamus. Mata suka cika bakin kogi, kowacce na tashin ƙamshi. Sai ga ƙarti sun ɗauko wani abu a lulluɓe, Brahim na gaba yana yayyafa turare.

Luba ta kutsa, ta fizge mayafin.

Kura ta ɗago kai a cikin kejinta, ta shaƙi ƙamshin matan Garwa, ta yi musu dariyar nan da suka sani.