Telan da Allura Ta Sallama

Kai maigida, ajiye wayar nan ka dube ni. Jiya na ji kana cika baki wai fansho bai shafe ka ba, tunda ba ka da ubangida sai babur ɗinka. To, buɗe kunne.

An yi wani tela a bakin kasuwa, ido gare shi kamar na shaho. Ko a inuwa ya ɗaga zare, sai ya shige kafar allura. Yana da aboki, masinjan wani ofis, wanda bayan abin da ake yanka masa a albashi, yakan ƙara ɗan wani abu don kansa a asusun tsufa. Ya yi ta jan hankalin tela, ya ce yanzu har masu sana'ar hannu ana karɓar nasu, komai ƙanƙantarsa, duk ran da suka samu. Abin ya ɗaure wa tela kai. Shi a saninsa fansho na wanda aka sallama ne, to shi wa zai sallame shi? Shago nasa, keke nasa. Kuma ta yaya mutum zai cire daga bakinsa ya ajiye wa wani tsoho da bai taɓa gani ba? Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni fanshona Sallah ce, sau biyu a shekara, kuma ba ta taɓa makara ba."

Shekaru suka yi ta wucewa. Wani azumi, ɗinki ya taru har rufi, tela ya lashi zare ya nufi allura, zare ya bi ta gefe. Ya sake, ya sake bi ta gefe. Ya ce allurar zamani ce ba ta da kirki, ya canza. Ya ce zaren ne. Ya ce shagon ne ya yi duhu, ya jawo keke waje tsakiyar rana, yana gumi yana lalube. Da ƙyar ya haɗa rigar wani ango, wuya ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kafin jajiberi kowa ya zo ya ɗauke yadinsa, da gaisuwa mai laushi wadda ta fi zagi ciwo. Ya zauna yana kallon keke. Ashe an sallame shi, ga shi ba takarda, ba ubangida, ba wanda zai kai ƙara.

Bayan Sallah ya sa abokin nan, wanda yanzu ya ajiye aiki yana karɓar nasa duk wata, ya raka shi ofishin asusun. Ya ce da matar da ke kan tebur ya zo a sa shi cikin masu karɓa, ga furfura shaida. Ta ce, "Baba, me ka ajiye?" Ya dubi abokinsa, ya dubi matar, ya ce to a rubuta shi yau. Ta ce ƙofa a buɗe take, amma abin da mutum ya zuba shi zai ɗiba. Abin zubawar kuwa daga allura yake fitowa. Kafin babbar Sallah keken ya koma wani shago, ya zama tuwon 'yan watanni. Ran da tela yake cire madubin shagonsa daga bango, a ciki ya gamu da tsohon nan da ya ƙi yi wa ajiya, suka tsaya suna duban juna.

Kai ma gwiwarka da bayanka su ne iyayen gidanka, ɗan nan, kuma ba sa aiko takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.