Mashi a Wuyan Kada

Tun da aka kafa dokar tambari, babu ƙofar da ke buɗe wa mutum, ko ta asibiti ce, sai ta ga tambarin gidansu a ƙirjin rigarsa. Na'ura ce ke zana wa kowane gida nasa.

Baba Jatau masunci ya tuɓe rigarsa, ya dangwarar da ita a teburin ofishin tambari, ya nuna zanen ƙirjinta: kada, da mashi a wuya.

"Wane ɗan iska ne ya soka wa kadan nan mashi?"

Ladidi, ma'aikaciyar wurin, ta duba. "Na'ura ce, Baba. Mashi alamar jarumta ce."

"Jarumtar uban wa? Kada ne ya goyo kakanmu ya ƙetarar da shi kogi. Gidanmu ba ma taɓa shi. In ya mutu, likkafani muke yi masa. Yanzu jikokina su riƙa yawo da gawarsa a ƙirji?"

"Ba a canzawa, Baba. Kuma ai kogin ya ƙafe tuntuni, ko kada ɗaya bai rage ba."

Ya daki teburin.

"Ɗaya ya rage, na jikin rigata. Shi ma kun kashe shi!"

Ya bar rigar nan, ya juya zai fita. Ƙofa ta ƙi buɗewa.