Kaurin Fatar Guntuwa

Ƙaras! Aka danna kwaɗo daga waje, Guntuwa tana ciki, ga ta da tsohon ciki.

Ta san ranar za ta zo. Tun safe matar gidan, Mansura, take kwashe tukwane da buhun shinkafa tana kaiwa tsakar gida. Aka rufe taga, aka ajiye tsumman da za a cusa a ƙasan ƙofa. Sai ga Cletus, mutumin da ake kira a unguwar idan ana so a rabu da wasu. Ya shigo da hankici ɗaure a hanci, ya bi kusurwa-kusurwa ya yi abin da ya kawo shi, ya fice da sauri.

"Oga, kada kowa ya buɗe sai yamma," in ji shi daga bayan ƙofa. "Ko ɗaya ba zai fita da rai ba."

"Haka ka ce wancan karon," in ji Mansura. "Malam, na gaya maka, ko su ko ni a ɗakin nan."

Mijinta ke nan, Malam Ghali. Mutum ne mai haƙuri, malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Abuja. Hayar can ta fi ƙarfinsa, shi ya sa ya kama ɗaki ciki ɗaya a Suleja, kullum ya bi motar asuba ya dawo a gajiye. A ɗakin ya tarar da dangin Guntuwa, kuma maganar gaskiya ba baƙin kirki ba ne. Ba sa noma, ba sa kasuwa, a jikin Malam suke ci. To amma kisa fa? Haba!

Warin ya fara tasowa daga bakin ƙofa, mai yaji, mai hawa kai. Guntuwa ta lafe a jikin katifa. Tsoro ya kama ta, ba don kanta kaɗai ba, don abin da ke cikinta.

Yayarta ce ta fara gudu. Ita ce mai sauri a gidansu, kullum ita ke riga kowa isa wurin abinci. Ta nufi ƙofa a guje, inda abin ya fi yawa, ko rabin hanya ba ta kai ba ta kife. Ƙanenta siriri, mai laushin jiki, wanda ake yi wa kirarin kyau, ya hau bango yana neman taga. Ya zamo, ya sake hawa, ya faɗo rigingine yana shure-shure har ya daina.

Su ne fa masu yi mata dariya. Guntuwa mai nauyin jiki, Guntuwa mai fatar jaki. Uwa ɗaya ta haife su, amma ita kaɗai ta ɗauko kaurin fatar uwar, kamar yadda uwar ta ɗauko wurin kaka. Da aka kawo Cletus karon farko, dangi suka ƙare, kaka ta tsira. Da aka sake kawo shi, da irin abin nan dai, uwa ta tsira da wasu 'yan tsiraru. Mansura ba ta yarda a canza ba. Ta ce abin da ya kashe su jiya shi zai kashe su yau.

Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi. Babu ƙofa, babu taga, babu mai jin kukan wani. Abin ya sauka a bayan Guntuwa, ya yi mata raɗaɗi. Ta ƙara cusa kai, ta ƙanƙame jiki, ta jira mutuwa. Can waje masu Keke Napep suna ta hon, mai rake yana talla, duniya ko a jikinta.

Mutuwar ta zagaya ɗakin kaf, amma ba ta samu hanyar ratsa fatar nan ba.

Bayan la'asar aka buɗe. Mansura ta leƙa, ta ga gawarwaki birjik, ta yi hamdala.

"Sau uku tun bayan Sallah," in ji ta. "Allah ya sa wannan ne na ƙarshe."

Da iska ta kore warin, Malam Ghali ya miƙe a kan katifa, ya ja numfashin wanda ya huta. Kamar yadda ya saba, ya fara bitar darasin Litinin da ƙarfi, yana kallon silin.

"Yara, ko 'yan uwa ciki ɗaya ba iri ɗaya suke ba. Idan masifa ta zo, wanda halittarsa ta dace da ita shi ke tsira, ya haifi irinsa. A hankali irinsa su cika wurin." Ya sosa wuya. "Mansura, misali nake nema wanda yara za su gane, na rasa."

"Kai ka sani," in ji ta, tana tara gawarwakin da tsintsiya.

Misalin kuwa yana daidai ƙarƙashin ƙeyarsa, a cikin ɗinkin katifa, inda Guntuwa, macen kuɗin cizo mai kaurin fata, ta fara zuba ƙwai.